WAI FILIN BANZA NE ƘOFAR GAMJI?

Malam Edita, ka ba ni ɗan fili a wannan mujalla tamu in yi faɗa. Da wata 'yar magana zan yi faɗan, da kuma masu faɗinta, ko da a cikinsu akwai abokan ajina, ko da akwai waɗanda nake durƙusawa in gaisar. Maganar ita ce "filin banza". Duk inda aka sami sarari a tsakiyar gari mai itatuwa da ciyawa, wanda ba a jera masa bulo ba, ba a kifa masa kwano ba, to ka ɗan dakata, ba za ka daɗe ba sai ka ji wani ya nuna shi da baki ya ce, "Dubi uban filin banza!" Mai faɗin haka kuwa galibi mai digiri ne, ko mai shirin samu. A ganinsa ƙasa ba ta da wani amfani sai ta haifi kuɗin haya a ƙarshen wata.

Ni na ce ƙarya ne. Don kada a ce ina harbin iska, zan kama wuri ɗaya in tsaya a kansa, watau lambun nan na Kaduna da kowa ke kira Ƙofar Gamji, ko da yake a takarda sunan Janar Hassan Usman Katsina aka sa masa, gwamnan soja na tsohuwar Jihar Arewa daga 1966 zuwa 1967. Sunan da ke bakin mutane kuwa, duk ɗan Arewa in ya ji shi Sardauna ne ke faɗo masa a rai. Na sha zuwa wurin, wani lokaci da ƙannena ranar Salla, wani lokaci ni kaɗai da littafi a ranar da ba kowa. Yana bakin kogin Kaduna, da manyan itatuwa masu inuwa da wuraren wasan yara, na kuma taɓa tarar da kadoji a keɓe suna shan hantsi baki buɗe, abin da ya dace da garin da aka ce daga sunansu ya samo nasa. Sannan akwai wata 'yar gadar ƙarfe, kuma da ita za mu fara.

Gadar nan ta girmi garin da take ciki. A Zungeru aka fara kafa ta a 1904, lokacin da can ne hedkwatar Gwamna Lugga, don a riƙa tsallaka wani rafi tsakanin gidansa da sauran bariki. Ya kai mai karatu, ka dubi shekarar da kyau. Shekara ɗaya ke nan da cin Kano a watan Fabrairu na 1903, da cin Sakkwato a watan Maris, da kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a watan Yuli. Saura shekara biyu kuma a shafe Satiru daga doron ƙasa. A wannan Zungeru, a wannan shekara ta 1904, aka haifi Nnamdi Azikiwe, ɗan wani akawun Turawa, watau gadar sa'arsa ce. Da Turawa suka ga Zungeru ba ta karɓe su ba, suka tattara ya-nasu-ya-nasu suka komo Kaduna a 1917, inda ga ruwa ga hanyar jirgin ƙasa. Daga baya aka kwance gadar aka biyo su da ita, aka sake ɗaure ta a bakin kogin nan dai da ya ratsa Zungeru, kuma a 1956, saura shekara huɗu a sami mulkin kai, aka sa ta cikin jerin kayan tarihin ƙasa.

To, akwai 'yan'uwanmu ɗalibai masu zafin kishi, waɗanda ba sa iya kai ƙarshen jimla ba su ambaci mulkin mallaka da jari-hujja ba, da suke cewa abin kunya ne a ce har yau muna ajiye da ƙarfen Lugga muna kai masa ziyara. Wai da muna da zuciya da tuni an auna wa 'yan gwangwan an huta. A ƙin Lugga ina tare da su, ba su kuma fi ni ba. Amma wane alƙali ne ke jefa wuƙar da aka yi kisa da ita a rijiya alhali ba a gama shari'a ba? Shari'armu da mulkin mallaka ba ta ƙare ba, kuma shaidu sai ƙarewa suke yi. Tsofaffin da suka ga abin da idonsu sun tafi. Takardun suna cikin ma'ajiya, da Turanci, ba mai karanta su sai mai neman digiri na biyu. Abin da ya rage wanda yaro ɗan firamare zai iya taɓawa da hannunsa bai taka kara ya karya ba, shi ne kuma ake cewa a narke.

Ka hau gadar ka auna ta da ƙafarka. 'Yan taku kaɗan ka ƙure ta, ga ta siririya, in da a ƙauyenmu ne sai a kira ta kadarko. Wannan fa ita ce gadar mutumin da ya kayar da daular da aka yi shekara ɗari ana ginawa. Rundunar da ta fasa ganuwar Kano mayaƙanta ba su kai dubu ba, Turawan cikinta 'yan tsiraru ne, sauran duk baƙar fata ne, kuma da yawa daga cikinsu Hausa suke yi. Ƙarfen nan ma ba Lugga ya ɗauko shi a kansa ba, ba shi ya ɗaure notinansa ba. Duk wanda ya tsaya a kan gadar nan yana da tunani tilas ya tambayi kansa yadda 'yan mutane kaɗan haka suka ci ƙasa mai wannan girma, da wanda ya riƙe musu ƙafar saniya suka tatsa, da dalilin da ya sa talakawa da yawa na wancan zamani ba su ga abin da zai sa su mutu don sarakunansu ba. Tambayoyin nan suna da ɗaci, sun kuma fi ihun "ƙasa da mulkin mallaka" wuyar amsawa. Ina zargin shi ya sa wasu suka fi son a ɗauke gadar daga gabansu.

Kuma abin dariya, ban taɓa jin ɗayansu ya ce a rushe zauren nan na Kaduna mai sunan Lugga ba, inda 'yan majalisar Jihar Arewa suka zauna, inda kuma majalisar dokokin jihar ta gaje su. Ban ji ya ce a tone hanyar jirgin da ta isa Kano a 1911 ba, wadda kakanninmu suka haƙa da aikin tilas. Takardar da yake rubuta zaginsa a kai ma da bokon da Bature ya kawo yake rubuta ta. Sai 'yar gadar da ba ta da gata, wadda 'ya'yan talakawa ke hawa a ɗauke su hoto, ita ce aka ga wuyanta ya isa yanka. Mutanen Ikko sun fi mu wayo a nan. Gidan yarin Turawa da ke tsakiyar birninsu, inda aka taɓa tsare Herbert Macaulay, aka kuma tsare Obafemi Awolowo, a 2010 suka mai da filinsa lambun shaƙatawa, suka sa masa sunan 'yanci, suka bar alamun kurkukun a fili don mai shiga ya san abin da aka yi a wurin. Yara suna guje-guje inda aka daure kakanninsu, kuma ba wanda ya ce kishin Bayarabe ya ragu saboda haka.

Da a ce 'yan'uwan nan namu sun karkata fushinsu inda ya dace, da sun saki gada sun kama ciyawa, domin ciyawar bariki ita ce mai laifi na gaske. A tsarin Lugga tilas ne a bar sarari na yadi 440, watau rubu'in mil, tsakanin unguwar Turawa da ta baƙar fata, ba mai kafa ko bukka a ciki. Hujjarsu wai kada sauron da ya ciji ɗan ƙasa ya iya tashi ya kai ga Bature. A littafinsa na 1922 har ya daɗa da cewa tazarar tana kare su daga gobara, da kuma kaɗe-kaɗenmu da ke hana su barci. A irin wannan sarari aka yarda a shimfiɗa filin sukuwa da na ƙwallon dawaki da na ƙwallon lambu. Ashe ke nan darasi ɗaya kakanninmu suka koya game da ciyawar da aka aske da itatuwan da aka jera a layi: ba naka ba ne, yi sauri ka wuce kafin ɗan sanda ya gan ka. In an gan ka ciki, to kuku ne kai, ko boyi, ko mai ban ruwan furanni. Da aka sami mulkin kai a 1960 Turawa suka fita daga gidajen, manyan ma'aikata suka shiga, suka gaji inuwa da furanni da maigadi. Mutumin Tudun Wada da na Kakuri ya gaji ƙura da kwata. Daga duk korayen wuraren da bariki ta bari, ɗan abin da ya faɗo hannun talaka shi ne irin su Gamji. In ɗalibin da ke kiran kansa mai kishin talaka ya raina wannan ɗan rabo, wa yake yi wa aiki?

Daga nan sai wani ya gyara zama ya ce ai zaman lambu al'adar Nasara ce, Bahaushe bai san ta ba. Haba! Mai faɗin haka a ɗakin haya aka haife shi ko kuwa ya manta ne? Wane gari ne a ƙasar Hausa ba shi da dandali? Wace unguwa ce ba ta da durumi ko ceɗiya inda dattawa ke shimfiɗa buzu, wanzami ya ajiye zabirarsa, mai goro ya kafa faifansa? Ina 'yan mata ke gaɗa da farin wata, ina samari ke langa, ina ake kokawa da dambe bayan kaka? Ƙofar fada ma sarari ce da aka bari da gangan, haka filin idi. Clapperton, wanda a nan ya kira kansa Abdullahi, da ya shiga Kano a 1824 ya rubuta cewa abin da gidaje suka cinye a cikin ganuwa bai wuce kashi ɗaya cikin huɗu ba, sauran duk gonaki ne da lambuna. Barth, watau Abdulkarim, ya zo a 1851 ya tarar har lokacin akwai sarari mai yawa tsakanin ƙofa da gidaje. Waɗanda suka gina ganuwar nan sun san darajar ƙasa, sun fi mu sanin ciniki, amma ba su yanka ko'ina fuloti ba. Abin da Bahaushe bai sani ba shi ne garin da ba shi da wurin zama, garin da in ka fito daga ɗaki sai titi, in ka bar titi sai shago. Wannan ce baƙuwar al'ada, mu kuma muka ƙirƙiro ta da awon igiya.

A Alƙahira ma, birnin da ba mai cewa Nasara ne suka koya masa zama, wata juji ce da aka yi shekara wajen 500 ana zuba mata shara aka share, aka dasa itatuwa, aka buɗe a 2005 da sunan lambun Azhar, mai faɗin hekta 30. Cikin haƙar ne aka tono tsohuwar ganuwar birnin ta zamanin Ayyubawa, gidan su Salahuddini. Su suna mai da juji lambu, mu muna mai da lambu juji.

Sai masu cewa wurin 'yan iska ne. Da waɗannan zan yi magana a hankali, domin a cikinsu akwai iyayenmu, kuma ba don mugunta suke faɗa ba. Gaskiya ne mai zuwa lambu zai ga saurayi da budurwa a gindin itace, zai ga kuma wanda shigarsa ba ta yi masa ba. Masu shirya finafinanmu su ma sun taimaka, don sun shekara da shekaru ba sa nuna lambu sai in za a yi rawa da waƙa, har yaro ya tashi yana zaton furanni ba su da wani aiki sai a ɓuya a bayansu. Amma a kasuwa akwai 'yan sane, ban ji an ce a rufe kasuwa ba. A tasha akwai 'yan daba, ba a fasa tafiya ba. Ɓarna duhu take so da kaɗaici. Ranar da magidanta suka janye ƙafa daga wuri, suka hana matansu da 'ya'yansu zuwa, ranar suka miƙa wa 'yan iska mabuɗinsa, sannan su dawo su ce, "Ba mun faɗa ba?" Ni dai abin da idona ya fi gani a Gamji shi ne uwa da kwanon abinci da tabarma da yara huɗu, da uba yana ƙirga canjinsa ko zai isa kowa ya hau lilo.

Ku yi tunanin matar nan. Ɗaki ɗaya take ciki a gidan haya mai ɗaki goma sha biyu, tsakar gidan ba ta fi shimfiɗar tabarma uku ba, a nan ake girki, a nan ake wanki, a nan ake faɗa. In Maris ya shiga kwano ya ɗau zafi, wuta ta ɗauke, ɗakin ya koma tanda. Fitarta a shekara ba ta wuce biki da suna da ta'aziyya da asibiti. 'Ya'yanta a bakin kwata suke wasa, ƙwallonsu a kan titi, mai babur yana zaginsu. Wanda ke hana ta lambu da sunan tsare mutunci, shi gidansa akwai tsakar gida da itacen mangwaro da janareta. Ba ya jin zafin da take ji, shi ya sa hukuncin ya zo masa da sauƙi.

Laifin da na yarda masu zuwa lambu suna da shi daban ne. Mu ne masu shan ruwan leda mu yar a gindin itace alhali ga kwandon shara yana kallonmu. Na ga samari, manya da gemu, suna jifan kada da dutse wai sai ya motsa. Na ga inda aka sassaƙa sunan budurwa a jikin itacen da ya girmi kakar budurwar. Duk wannan daga tushe ɗaya yake, watau wancan tsohon darasi na cewa kayan gwamnati ba na kowa ba ne. Mutum ba ya zuba shara a zauren ubansa.

Amma duk waɗannan, da mai kishi da mai al'ada da mai wa'azi, surutu kawai suke yi. Mai haɗari shi ne wanda ba ya surutu, wanda in ya shiga lambu ba ya ganin itace, sai dai ya riƙa auna ƙafa hamsin-hamsin a zuciyarsa yana lissafin shago nawa zai fita. Su kuwa waɗancan share masa hanya suke yi ba su sani ba. In an gamsar da jama'a cewa wuri kayan Turawa ne, matattarar 'yan iska ce, filin banza ne, ranar da aka kawo buldoza wa zai fito ya tsaya?

Ban ce an sayar da Gamji ba, kada a ɗora mini abin da ban faɗa ba. Abin da nake faɗa shi ne na san yadda lambu ke mutuwa, domin na ga mutuwar wani a garin da na girma, kuma ba dare ɗaya ya mutu ba. Da fari aka daina ban ruwa, aka daina biyan mai shara. Da ciyawa ta yi tsawo aka ce ya zama maɓoyar ɓarayi. Sai aka ce za a ba wani ɗan kasuwa ya gyara don gwamnati ba ta da kuɗi. Ya kewaye da kwano, ya kafa ɗan kanti a kusurwa wai na lemo. Shekara ta zagayo kantin ya haihu, katangar gaba ta zama jerin shaguna masu kallon titi, tsakiya ta zama zauren biki, itatuwan da suka tsare wa motoci hanya aka sare. Yau in ka gaya wa yaron unguwar cewa a nan muka koyi ƙwallo sai ya zaci tatsuniya kake yi masa. Ba a taɓa yin ranar da aka ce "yau an sayar" ba, shi ya sa ba a taɓa yin ranar da aka yi kuka ba.

Doka kuwa ba ta goyon bayan wannan. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna ne a matsayin amana, ya riƙe don amfanin 'yan Nijeriya baki ɗaya. Amana aka ce, ba gado ba. Amma mun ga abin da ya faru a Kano, inda aka kewaye Filin Idi da shaguna, wata gwamnati ta zo a 2023 ta rushe, aka kwashi rigima har gaban kotu, 'yan kasuwa suka yi asara, jama'a suka yi asara. In filin da ake salla bai tsira daga awo ba, ina ga filin da ake lilo? Akwai lokacin da gwamnati a ƙasar nan take hangen nesa. Gwamnatin Jihar Arewa ta sa wani masanin tsara birane, Max Lock, ya zana wa Kaduna tsari, aka buga a 1967, yana hangen garin har zuwa 2017, shekara hamsin cur. Yanzu hangenmu ba ya wuce zaɓe mai zuwa. Bakin kogi kuma ba wurin wasa ba ne. Mutanen Kaduna sun ga ambaliyar 2003, sun ga ta 2012, sun san cewa in kogi ya cika sai ya nemi inda zai kwanta. In ya tarar da ciyawa ya kwanta a ciyawa ya tashi, in ya tarar da falo ya kwanta a falo.

Ko akwai inda aka taɓa tsayawa aka hana? Akwai, kuma a nan Afirka. A tsakiyar Nairobi akwai lambun Uhuru, watau 'yanci da Suwahili, wanda Jomo Kenyatta ya buɗe a 1969. A 1989 gwamnatin Daniel arap Moi ta shirya gina bene mai hawa 60 a cikinsa, na jaridar jam'iyya mai mulki, da wani ƙaton mutum-mutumin shugaban a gabansa. Mace ɗaya, tsohuwar malamar jami'a, Wangari Maathai, ta ce ba ta yarda ba. Ta rubuta wasiƙu, ta je kotu aka kore ta, 'yan majalisa suka yi mata ba'a a zaurensu, aka fitar da ƙungiyarta ta masu dashen itace daga ofishinta. Ba ta yi shiru ba, har masu ba da kuɗin daga waje suka janye a 1990, aikin ya mutu. A wannan lambu ne a 1992 iyaye mata na fursunonin siyasa suka yi zaman ƙin cin abinci, 'yan sanda suka doke ta har ta suma. A wannan lambu ne kuma a 2010 dubban mutane suka taru aka ƙaddamar da sabon tsarin mulkin Kenya. Da an gina benen, a ina za su taru? Ita kuwa a 2004 aka ba ta kyautar Nobel ta zaman lafiya, mace ta farko daga Afirka. Malamar jami'a ce fa, irin malamanmu. Ban faɗi haka don in tsokani kowa ba, ko da yake in wani ya ji a jikinsa ban hana ba.

Yanzu ga abin da ya fi damuna, wanda saboda shi na ɗauki alƙalami. Duk wanda ya san Kaduna ya san abin da rikicin watan Fabrairu na 2000 da na Nuwamba na 2002 suka yi mata. Bayan rayukan da aka rasa, garin ya tsage biyu, kogi ya zama iyaka. Musulmi da yawa suka tattara suka koma arewa da shi, Kirista da yawa suka koma kudu. An haifi yara a Rigasa da Kawo, an haifi wasu a Sabon Tasha da Narayi, sun girma sun yi gemu ba su taɓa wasa tare ba. Makarantarsu daban, kasuwarsu ta kusan zama daban, abin da kowa ya sani game da ɗan'uwansa a bakin wasu ya ji. A irin wannan gari, wurin da yaro mai sabon ɗinkin Salla da yaro mai sabon ɗinkin Kirsimeti za su iya bin layin lilo ɗaya, su yi rigima a kan wanda ya riga wani, iyayensu su raba su suna dariya, ya fi taron zaman lafiya goma da ake yi a otal ana rabon alawus. Gamji a bakin wannan kogi take, kusa da iyakar. Mai kiranta filin banza bai san garin da yake magana a kai ba.

Kada kuma a ce mini ai an gina manyan kantunan zamani, mutane na haɗuwa can. Na shiga irinsu. Maigadi takalminka yake fara duba kafin fuskarka, ba kujerar da za ka zauna sai ka sayi wani abu, lebura mai 'ya'ya shida in ya shiga da su ya jawo wa kansa kuka shida. Lambu shi ne wurin da mutum zai zauna awa uku da aljihu wayam ba wanda ya tambaye shi abin da ya kawo shi. Saboda haka ma nake cewa kuɗin ƙofa, a Gamji ko a ko'ina, in har za a karɓa, kada ya wuce abin da mai turin baro zai iya biya wa iyalinsa duka. In ya wuce haka an komo da yadi 440 ɗin Lugga ta bayan gida, sai dai wannan karon da tikiti aka auna shi.

Malamaina, Allah ya ƙara muku ilmi, da ku zan ƙarasa, ku gafarce ni. Kuna koya mana wasannin dandali a aji, muna haddace rabe-rabensu daga takardar lacca, muna cin jarrabawa, alhali dandalin kansa ana yanka shi fuloti a bayan tagarmu. Muna rubuta kundi a kan gaɗa, ba mu tambayi inda za a yi gaɗar ba nan da shekara ashirin. Ina roƙo ƙungiyar nan ta ɗauki aiki ɗaya ƙarami. Mu rubuta tarihin lambun nan da gadarsa da Hausa mai sauƙi, da boko da ajami, 'yan shafuka kaɗan da ɗan firamare zai iya karantawa. Mu shiga Gidan Arewa, tsohon gidan Sardauna da aka mai da cibiyar binciken tarihi a 1970, mu nemi takardu. Mu nemi dattawan Gbagyi, waɗanda kakanninsu ke bakin kogin nan tun kafin a san Lugga, mu ɗauki abin da suka riƙe. Sannan mu nemi izini mu kai wasan langa da gaɗa da tatsuniya cikin lambun rana guda, mu gayyaci ɗalibai na ƙetaren kogi su kawo nasu wasannin. Wurin da ƙafa ke tattakawa kullum, aka san sunansa da tarihinsa, yana da wuya a kewaye shi da kwano cikin dare.

Ni na ɗauki nauyin shafukan Zungeru. Wanda ya iya ajami ya neme ni ta hannun Malam Edita. Wanda kuma har yanzu yake ganin filin banza ne, ga shafukan mujalla nan, ya ba ni amsa a fitowa ta gaba, amma ya zo da sunan wurin da yake so mai turin baro ya kai 'ya'yansa ranar Salla.